Ƙarfin Ruwa da Iskar Tanki a Na'urar Tace Ruwa ta Gida

  

Shirinmu na yau a kan ruwan sha yake. Za mu yi magana a kan na'urar tace ruwa ta gida, wadda masu sayarwa ke kira RO. Wasunku sun gan ta a kicin, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Kwalabe biyu ko uku a jere, da siraran tiyo, da wani ɗan tanki fari, da siririn famfo a sama.

Mutane suna sa kuɗi masu kauri su saye ta. Bayan 'yan watanni sai ƙorafi ya tashi. Wannan ya ce ruwan ɗis-ɗis yake zuwa. Waccan ta ce kofi ɗaya yake bayarwa ya tsaya. Wani ya ce ruwan da take zubarwa ya ninka wanda take bayarwa sau da yawa. Daga nan sai a ce jabu ce, a ture ta gefe, a koma sayen fiya wata. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa lafiyar na'urar ƙalau. Matsi ne ya gaza.

Matsin kuwa iri biyu ne, ku riƙe wannan tun yanzu. Akwai matsin ruwan da ke shiga na'urar. Akwai matsin iskar da ke cikin ɗan tankin nan fari. Ruwa yana turawa daga gaba, iska tana turawa daga baya. Duk maganarmu ta yau tsakanin waɗannan biyun take.

Bari mu fara da kashi na farko: yadda na'urar take aiki.

Uwargida, idan kika yanka albasa ko tumatir kika barbaɗa gishiri, me kike gani bayan ɗan lokaci? Ruwa ya tsattsafo. Ba ki daka ba, ba ki matsa ba. Gishirin ne ya jawo ruwan ya ratso siririn tantanin da ke jikin ƙwayoyin albasar. Haka Allah ya halicci ruwa. Idan tantani ya raba ruwa mai gishiri da marar gishiri, ruwan yakan bi ya tafi ɓangaren gishirin da kansa. Masana kimiyya suna kiran wannan osmosis. Wani Bafaranshe mai suna Nollet ya lura da shi tun a 1748.

Na'urar RO tana juya wannan tafiya ne. Tana tilasta wa ruwa ya rabu da gishiri, ya ratsa tantani ya fito shi kaɗai. Idan na ce gishiri, ba na miya kawai nake nufi ba. Ina nufin duk ma'adinan da suka narke a ruwa ido ba ya ganinsu: masu sa ruwa zartsi, da sinadarin fuloraid, da naitiret mai fitowa daga taki da masai, da dalma. Ƙofofin tantanin ƙanana ne matuƙa, har ƙwayar cuta ta fi su girma nesa ba kusa ba. Ruwa ba zai bi ta irin wannan ƙofa don ganin damarsa ba. Sai an tura shi.

Mai tatar koko ta san wannan. Idan ta zuba ƙullu a abin tata ta zuba masa ido, kaɗan ne zai sauka. Sai ta murɗe ta matse da ƙarfinta, sannan gasara ta zubo, dusa ta tsaya. A na'urar RO, matsin ruwa shi ne hannun da ke matsewa.

Wasu masana biyu, Loeb da Sourirajan, su ne suka ƙera tantanin farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wajen 1960. A 1965 wani ƙaramin gari a Kalifoniya mai suna Coalinga ya fara shan ruwan da aka tace ta wannan hanya. Yau da ita ake mayar da ruwan teku ruwan sha a ƙasashe da dama, har da Saudiyya, inda ake tace ruwan Bahar Maliya. A can, saboda yawan gishirin teku, ana tura ruwan da matsin da ya haura bar 55 a ma'aunin matsi. Na gida bai kai ko kusa ba, amma shi ma yana da tasa ƙa'idar.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu: matsin ruwan da ke shiga. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan yawancin gidajenmu suke faɗuwa.

Ana auna matsi da ma'auni biyu. A Najeriya an fi jin PSI, irin wanda mai faci ke dubawa idan yana ba taya iska. A Nijar an fi jin bar. Bar ɗaya ya kai PSI 14 da rabi. Na'urar RO ta gida tana buƙatar aƙalla PSI 40. Ta fi jin daɗin aiki a wajen PSI 60, wato kusan bar 4. Zan maimaita. Aƙalla 40. Mafi kyau, 60.

To, maigida, daga ina ruwan gidanka yake zuwa? Yawancinmu, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi ko Damagaram, ba daga babban bututun gwamnati yake zuwa kai tsaye ba. Rijiyar burtsatse ce, inji ya ɗaga ruwa ya kai tankin sama, daga can ya gangaro. Ƙarfin ruwan da ke gangarowa tsayi ne ke ba da shi. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar ɗaya, wato wajen PSI 14. Idan daga saman ruwan tankinka zuwa na'urar mita 6 ne, matsin da kake samu bai kai PSI 9 ba. Na'ura tana neman 40, kai kana ba ta ƙasa da 9. Kafin tankin sama shi kaɗai ya ba da PSI 40, sai an ɗaga shi mita 28. Wannan tsayin bene ne mai hawa tara.

Na san wani zai ce, ai tankina babba ne, lita 5,000 yake ci. Alhaji, girman tanki ba ya ƙara matsi. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, idan saman ruwansu yana tsayi ɗaya, matsinsu ɗaya ne. Babban ya fi daɗewa bai ƙare ba, shi ke nan. Wani kuma zai ce, famfon banɗakina da gudu yake zubowa. Wannan faɗin bututu ne. Yawan ruwa daban, ƙarfinsa daban. Ruwa yana iya cika bokiti cikin minti ɗaya amma ya kasa ratsa tantani.

Me ke faruwa idan matsi ya yi rauni? Abin da kowa ke gani shi ne jinkiri. Sai kuma ɓarna. Na'urar RO tana raba ruwa gida biyu ne: mai tsabta ya tafi tanki, mai ɗauke da gishirin ya bi wani tiyo ya zube. A irin na'urorin da aka saba, ko da matsi mai kyau, kowace lita ɗaya ta sha tana tafiya da lita 3 ko 4 na zubarwa. Idan matsi ya faɗi, zubarwar tana ci gaba, samun kuwa ya ragu. Ga gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, wannan asara ce ta gaske.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan nauyi, kuma ido ba ya ganinsa. Ku kasa kunne. Tantanin ba ya tare gishiri ɗari bisa ɗari. Idan komai daidai yake, yana tare fiye da kashi 90 cikin 100. Kullum akwai ɗan kaɗan da ke silalewa. Wannan ɗan kaɗan bai damu da matsi ba, kusan adadinsa ɗaya ne ko da ƙarfi ko babu. Ruwan shi ne ya damu da matsi. Idan matsi yana da ƙarfi, ruwa mai yawa yana ratsawa, ya sirka ɗan gishirin har ya zama ba komai ba. Idan matsi ya yi rauni, ruwa kaɗan ne ke ratsawa, gishirin kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka raunin matsi yana rage tsabtar ruwan da ke cikin kofinka. Zan sake faɗa. Raunin matsi yana rage tsabtar ruwan, ba saurinsa kaɗai ba.

Ga wanda ya sayi na'urar don ɗanɗano, wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ya saye ta don lafiyar 'ya'yansa, babban abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin kowace lita. Idan ya wuce haka, haƙoran yara sukan yi dabbare-dabbare, kamar yadda aka sani a yankin Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe. Idan ya yi yawa ƙwarai, har ƙashi yake taɓawa. Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi, sun ga wannan da idonsu, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid. Na'urar RO tana cire mafi yawansa, amma sai an ba ta matsin da take buƙata. Uba ya kashe kuɗinsa, hankalinsa ya kwanta, alhali na'urar rabin aiki take yi: wannan ne ba na so ya faru a gidan kowa.

Maganin yana da sauƙi. Ɗan inji ne mai ƙara wa ruwa ƙarfi, masu gyara suna ce masa busta. Yana aiki da wuta mai bolt 24, kuma abin da yake ci bai kai na fankar sama ba. Ƙaramin sola yana ɗaukarsa. Idan ruwan gidanka daga tankin sama yake zuwa, kada ka sayi na'urar da ba ta da busta. An ƙera marasa busta ne don garuruwan da bututun gwamnati ke kawo ruwa da ƙarfinsa dare da rana. Akwai ma irin bustan da ke iya zuƙo ruwa da kansa daga jarka ko duro, ga gidan da ba shi da tankin sama.

Ko da busta, matsi yana iya ɓacewa a hanya. Kwalaben nan na farko filtoci ne. Ɗaya yana tare yashi da laka. Sauran na gawayi ne, suna cire wari da sinadarin kulorin, domin kulorin yana cinye tantanin. Idan filta ya toshe da laka, shi zai shanye matsin kafin ruwa ya kai tantani. Masu ƙerawa sukan ce a canza su duk wata shida zuwa shekara. Inda ruwa ke da laka ko ja-ja na tsatsa, kada a jira hakan, a duba da ido.

Jama'a, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan na'urar tace ruwa ta RO. Mun gama da matsin gaba. Yanzu kashi na uku: ɗan tankin nan fari, da iskar da ke cikinsa.

Me ya sa ake buƙatar tanki tun farko? Domin tantani a hankali yake aiki. Wanda aka rubuta 50 a jikinsa yana tace galan 50 na Amurka a yini da kwana, wato kusan lita 190. Idan aka raba, lita 8 ke nan a awa. Kofi ɗaya zai ɗauki kusan minti biyu. Ba wanda zai tsaya da tukunya yana jiran wannan. Shi ya sa na'urar take tara ruwa a tanki lokacin da ba kowa a famfo. Tankin yana da wani amfanin a ƙasarmu: idan aka ɗauke wuta busta ya tsaya, abin da aka tara yana nan, kuma zai fito ba tare da lantarki ba.

Ta yaya yake fitowa, alhali tankin yana ƙasa, famfon yana sama? Iska ce ke ɗago shi. Cikin tankin an raba shi biyu da wata roba mai taushi. Ruwa a gefe ɗaya, iska a ɗaya gefen, ba sa haɗuwa. Ruwa yana shiga, yana danne iskar. Kin buɗe famfo, iskar ta miƙe ta turo ruwan waje. Idan tankin babu ruwa ko kaɗan, iskar da ya kamata a samu a ciki PSI 5 zuwa 7 ce a yawancinsu. Wasu kamfanoni sukan rubuta 8. Ku duba takardar da ke jikin naku. Tayar mota tana shan fiye da 30, kun ga wannan iska kaɗan ce ƙwarai.

Yanzu ku ga yadda matsin biyu suke haɗuwa. Tanki yana cika, iskar tana ƙara ƙarfi, tana tura ruwan baya. Abin da tantani ke aiki da shi shi ne bambancin da ke tsakanin turin gaba da turin baya. Shi ya sa litar farko take shiga da sauri, ta ƙarshe kuwa da ƙyar, kuma a lokacin ne zubarwa ta fi yawa. A na'urar da ba ta da busta akwai wani bawul da ke rufe ruwa idan matsin tanki ya kai kusan kashi biyu cikin uku na matsin shiga. A mai busta, wani makunni ne ke jin matsin ya kashe injin.

Ga lissafin. Tankin da aka fi gani yana da faɗin ciki kusan lita 12. Amma ba zai taɓa ɗaukar lita 12 na ruwa ba, domin iska tana da nata wurin. Idan ruwa yana shiga da PSI 60, bawul zai rufe a wajen 40, tankin zai riƙe kusan lita 7. Idan yana shiga da 30, zai rufe a 20, tankin zai riƙe lita 4 da rabi. Tanki ɗaya, iska ɗaya, amma raunin matsin gaba ya cinye kusan lita biyu da rabi. Don haka idan kin ɗebi lita 7 daga tankin da aka ce miki na 12 ne, ba a cuce ki ba. Haka aka yi shi.

Iskar nan tana iya yin kaɗan, tana iya yin yawa. A hankali takan sulale cikin shekara ɗaya ko biyu. Alamar ita ce: ki buɗe famfo, kofi ɗaya ya zubo da ƙarfi, sai ya koma siriri. Ki ɗaga tankin ki ji shi da nauyi. Ruwa yana ciki, mai turo shi ne babu. A irin wannan hali ne ake sa mutane sayen sabon tantani mai tsada, alhali iska ce kawai ta ƙare. Yawan iska kuma yakan zo ne daga hannun mai gyara. Idan aka ɗura wa tankin PSI 30 kamar taya, kuma bawul yana rufewa a 40, ruwan da zai shiga wajen lita 2 ne kawai. Tankin zai kasance sakayau, ruwan ya zo da ƙarfi ya ƙare nan take.

Kashi na huɗu, yadda za ku duba da kanku. Wanda ke kusa da takarda ya rubuta.

Ka rufe ruwan da ke shiga na'urar, ka cire wutar busta. Ka buɗe siririn famfon ka bar shi har ruwan ya tsaya. A jikin tankin, a gefe ko a ƙasa, akwai ɗan murfi. Ka kwance shi, za ka ga bakin iska irin na tayar mota. Ka ɗan danna tsinken da ke tsakiya. Idan ruwa ya feso, robar ciki ta fashe, ba ta gyaruwa, sai sabon tanki. Idan iska ce ta fito, ko ba abin da ya fito, ka kawo famfon keke na hannu. Famfon ruwa yana buɗe, ka ba tankin iska a hankali. Za ka ga ragowar ruwan yana fita. Ka ci gaba har ya ƙare tas, tankin ya zama ba nauyi. Sai yanzu za ka auna da geji, wato ma'aunin iska. Ka daidaita a PSI 5 zuwa 7, ko abin da takardarsa ta ce. Gejin ya zama mai karanta ƙananan lambobi, domin gejin tayar mota ba ya nuna 6 da kyau.

Abu biyu kada ka manta. Ba a auna iska da ruwa a cikin tanki, lambar za ta yaudare ka. Kuma kada a kai tankin wurin injin mai faci. Injin yana da ƙarfin da zai iya fasa robar cikin daƙiƙa. Famfon hannu ya isa. Bayan haka ka rufe famfo, ka buɗe ruwa, ka mayar da wuta, ka ba shi awa biyu zuwa huɗu ya cika. Yin wannan sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Yanayi ma yana da hannu. Ana gwada tantani ne a ruwa mai ɗumin digiri 25. Kowane digiri ɗaya da ruwa ya sauka, aikin yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. A tsakiyar hunturu, idan ruwan tanki ya kwana ya yi sanyi zuwa digiri 15, na'urar za ta rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba lalacewa ta yi ba. A bazara kuma abin ya juya. Ruwan ɗumi yana ratsawa da sauri, amma gishiri ma yana ƙara silalewa, kuma masu ƙera tantani sun sa iyaka a digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, baƙin tanki da bututun da ke kwance a rana suna iya kusantar wannan. A yi wa tanki rumfa, a rufe bututu, a bar na'urar ta cika da safe ko da dare.

Ruwan zubarwar nan kuma, kada a toshe tiyonsa don tsoron ɓarna. Shi ke wanke gishiri daga fuskar tantani. An toshe shi, tantani ya mutu. A tara shi a bokiti, a yi shara da wanki da zuba wa banɗaki. Ba a sha, ba a girki da shi.

Hajiya, idan kina juye ruwan a randa don ya yi sanyi, ki sani an cire masa kulorin, ba shi da mai tsaronsa. Randar ta kasance wankakkiya, a rufe, da moɗarta ita kaɗai. Idan sabuwar na'ura ce, ko an canza tantani, a zubar da cikon tanki na farko da na biyu. Idan an yi tafiya ta mako ɗaya ko fiye, a juye tankin gaba ɗaya a bar shi ya sake cika kafin a sha.

Ga mai shirin saye, ka tambayi mai sayarwa ko akwai busta a ciki. Ka nemi a sa maka geji kafin tantani, don ka riƙa ganin matsin da idonka. Ka nemi ɗan ma'aunin nan mai girman biro da ake kira TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ka auna ruwan shiga, ka auna na fita. Idan na shiga 500 ne, na fita ya kamata ya zama wajen 50 ko ƙasa. Sai dai ma'aunin ba ya ganin ƙwayar cuta, kuma ba ya faɗa maka ko fuloraid ne a ciki ko naitiret. Wannan sai ɗakin gwaji. Ba kowane gida ne ma yake buƙatar RO ba. Idan matsalar ruwanka ƙwayoyin cuta ce kaɗai, tafasawa ko kulorin sun fi arha, kuma ba sa zubar da ruwa.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ɗibar ruwan rijiya a kai shi gwaji, da abin da za ka nema a duba maka. Mu kwana nan.